Malamina ya ce bai gan ni a cikin hotunana ba: shin in daina gyaran hoto?

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a aji uku, sashen zane-zane a wata jami'a a nan Arewa, kuma ɓangaren ɗaukar hoto na zaɓa. Akwai firiset, wato shiryayyen saitin gyaran hoto, da na saya a intanet, duk hoton da na ɗora masa shi sai ya samu laik ɗari uku ko fiye a Instagram. Waɗanda raina ya fi so kuwa, na marina da na dattawa masu ɗinkin hula, da ƙyar suke kai talatin. Makon jiya malaminmu ya duba aikina ya ce hannuna ya faɗa, amma bai gan ni a ciki ba, wai kowa ma zai iya yin irinsa. Ƙawata kuma ta ce duk hoton da aka gyara ƙarya ne. In na shiga Pinterest neman ilhama sai in ga duk abin da nake tunanin yi an riga an yi shi. Don Allah, in daina editin ne gaba ɗaya? Kuma ina mutum ke samo abin da yake nasa?

Wa alaikumus salam, ƙanwarmu. Allah ya ba da sa'ar karatu.

Kada ki daina gyara. In kin daina, kin bar jaki kina dukan taiki. Tun kafin hoton ya bayyana a fuskar wayarki, wayar ta riga ta zaɓa miki ƙarfin launi, ta ƙara kaifi, ta goge dusar da ke cikin duhu, wato ɗige-ɗigen da ke ɓata hoto, ta zubar da sauran bayanan, sannan ta miƙo miki JPEG, wato matsattsen fayil ɗin hoton da aka saba gani. Wanda ya ce bai gyara hotonsa ba, injiniyoyin kamfanin waya ne suka gyara masa. Ko a zamanin fim haka abin yake. Ansel Adams, gwanin ɗaukar hoto na Amurka, ya ɗauki shahararren hotonsa na wata a kan ƙauyen Hernandez a ƙarshen 1941, ya kuma wanke shi sau fiye da 1,300 a tsawon rayuwarsa. Na farko-farko sararin samansu da haske, gajimare a fili. Na baya-baya kuwa saman ya kusa zama baƙi ƙirin. Fim ɗaya ne, mutum ɗaya, yana tare haske da hannunsa a wani wuri yana ƙara shi a wani. Manhajar gyaran hoto ta Photoshop ba ta fito kasuwa ba sai 1990.

Amma ƙawarki ba ta rasa gaskiya kwata-kwata ba, domin akwai inda gyara ke zama ha'inci, kuma layin a fili yake. In kin ce wa mutane ga abin da ya faru, ba ki da ikon ƙara abu ko cire abu daga cikin hoton. Mujallar National Geographic ta matso da dalolin Giza na Masar kusa da juna a bangonta na Fabrairun 1982 don hoton ya shiga tsayin bango, har yau ana buga misali da ita. A gasar World Press Photo ta 2015 an kori kashi 20 cikin ɗari na waɗanda suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda irin wannan taɓa hoto. A aikin fasaha kuwa, ki haɗa hoto goma ya zama ɗaya in kin ga dama, sharaɗin kawai ki faɗa. Ki rubuta a ƙarƙashinsa cewa haɗe-haɗe ne, in kin yi amfani da ƙirƙirarriyar basira ki faɗa, in akwai hoton wani a ciki ki nemi izininsa tukuna, domin dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare hotuna. Hotunanki na marina, tunda mutane ne na gaske a bakin sana'arsu, ki riƙe su da ƙa'idar farko, ba ƙari ba ragi. Ledar da ke gefen rijiyar rini, ko ki ɗauke ta da hannu kafin ki danna, ko ki datse gefen hoton, ko ki bar ta.

Abin da malaminki ya gani, a fahimtarmu, shi ne firiset ɗin. Zanen aro ba ya rufe katara. Firiset shawara ce da wani ya yanke a kan hotonsa, a ƙarƙashin ranar garinsu, a kan fatar mutanensu, sai aka ɗaure ta aka sayar wa dubban mutane. Waɗanda suka fi yawo yanzu suna zuba shuɗi mai kore-kore a cikin duhun hoto, su tura fata zuwa ruwan lemo. A kan farar fata abin yana tafiya, domin fuskar tana ɓangaren haske ne. Baƙar fata kuwa rabinta tana cikin wannan duhun da aka zuba wa kore, shi ya sa za ki ga kunci da wuya sun yi toka-toka kamar mai jinya, goshi kuma ya yi ja kamar manja. Ki buɗe hotunanki masu yawan laik ki faɗaɗa fuskokin, za ki gani. A marina ɓarnar ta fi haka. Shunin baba launi ne mai zurfi da ke karkata zuwa shanshanbale in masu bugu sun gama da shi, irin wannan firiset kuwa sai ya mai da shi ruwan bahar ɗin talla. Kuma yadin da aka tsamo daga rijiya kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi yake rikiɗa shuɗi a gaban idonki. Wannan ɗan lokacin shi ne abu mafi kyau a marina, firiset ɗin kuma yana haɗe koren da shuɗin su zama abu ɗaya.

To ga yadda za ki yi gyaran da hannunki. Za mu tsaya a nan da ɗan tsawo, domin a nan ne idonki zai fara fitowa.

Tun wajen ɗauka ki sa kyamara a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta gyara ba. In waya ce, da yawansu suna ba da DNG, wani nau'in RAW, a tsarin ƙwararru, ko ta kyamarar da ke cikin manhajar gyaran hoto ta Lightroom a waya. JPEG matakin haske 256 yake riƙewa a kowane launi, RAW kuwa 4,096 ko 16,384, gwargwadon kyamarar. Shi ya sa in kin ja JPEG da ƙarfi sai sararin sama ya tsattsage ya yi layi-layi kamar matakala, kuma duk lokacin da kika sake ajiye shi yana ƙara lalacewa. In akwai farar shadda ko farin rawani a hoton, ki rage haske da kashi biyu cikin uku na mataki ɗaya, wato ki kai alamar zuwa -0.7. Duhu ana iya ɗago shi daga baya, amma farin da ya ƙone ya tafi ke nan, ya tafi da aikin wuyan rigar da duk zaren da ke jikinta. Kina dawowa gida ki kwafe asalin hotunan wuri biyu kafin ki taɓa komai.

Kada ki gyara a ranar da kika ɗauka. Ki ba su kwana uku, ranki ya huce daga daɗin wurin, sannan ki tace: daga ɗari biyu zuwa ashirin, daga ashirin zuwa biyar. Kowanne cikin biyar ɗin, kafin ki taɓa shi, ki rubuta jimla ɗaya a littafi kan abin da ya tsayar da ke. Misali: hannun dattijo ya rine har gwiwa, farcensa ya fi yadin shuɗi. Daga nan duk abin da za ki matsa a manhaja sai ki tambayi kanki ko yana kai ido ga wannan hannun. In ba ya kaiwa, ki mayar da shi sifili. Hoton da kika kasa rubuta masa jimla, ki ajiye shi gefe, gyara ba zai ba shi abin da babu ba.

Ki fara da miƙe hoton da datse gefensa, sannan daidaita fari. A ma'aunin launin haske da ake kira Kelvin, hasken rana tsaka yana wajen 5,500, inuwa wajen 7,000, tsohon ƙwan lantarki mai ja wajen 3,000. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a danna ma'aunin a kan farar riga. Fararen kayanmu da yawa an sa musu bula, sai manhaja ta ga shuɗi ta zuba rawaya don ta kashe shi, hoton gaba ɗaya ya koma kamar an jiƙa shi a shayi. Ki nemi abu mai ruwan toka, siminti ko bakin tukunyar dalma, ko ki riƙa yawo da katin toka ki ɗauke shi sau ɗaya a kowane wuri. Masu ɗinkin hula a gindin darbejiya suke zama, ganyen yana watsa musu kore a fuska. Ki ɗan matsa ma'aunin kore da ja zuwa ɓangaren ja, biyar zuwa goma sha biyu kan isa. Ƙarƙashin kanofi mai launi kuwa sau da yawa gara ki mai da hoton baƙi da fari.

Sai haske. Ki daidaita hasken gaba ɗaya da fuska, ki sauke hailait, wato wuraren da suka fi haske, tsakanin talatin da sittin har zaren riga ya dawo, ki ɗaga inuwa tsakanin goma sha biyar da talatin da biyar. In kin wuce sittin wajen ɗaga inuwa, dusa za ta fito kuma hoton zai kwanta shimfiɗe ba tudu ba kwari, domin inuwa ce ke ba fuska siffa. Ki riƙa duba histogiram, zanen tudun da ke nuna yawan haske da duhu a hoton: in tudun ya manne da bangon dama fari ya ƙone, in ya manne da na hagu baƙi ya toshe. Ɗan toshewar baƙi ba laifi, musamman a cikin rijiyar rini. Launi kuma, ma'aunin da ke tausaya wa fata, wanda ake kira baibirans, goma zuwa goma sha biyar ya wadatar. Sachureshin, mai ƙara ƙarfin duk launuka lokaci ɗaya, da wuya ya buƙaci wuce biyar. Jar ƙasarmu da atamfa sun zo da launinsu, kaɗan kika ƙara sai ja ya cushe ya zama faci ɗaya babu zane a ciki.

Akwai ma'auni ɗaya da muke so ki kula da shi sosai, hasken ruwan lemo a sashen launuka ɗai-ɗai. Fatar ɗan'adam kowace iri a nan take zaune. In kin ɗaga shi ashirin ko talatin kin yi wa mutum bilicin ba tare da ya sani ba, kuma firiset da yawa da shi a ɗage suke zuwa. Wannan ciwo ne mai tarihi: tun shekarun 1950 kamfanin Kodak yake raba wa masu wanke hoto katin gwaji mai hoton farar mace, da shi ake daidaita injin, aka daɗe baƙar fata tana fitowa babu fasali. Za ki haɗu da amare masu cewa ki ɗan haska su. Ki haska wurin, ki kawo farin kwali ki maido musu haske a fuska tun wajen ɗauka, amma launin da Allah ya ba mutum ki bar masa. Haka wajen goge fata: ƙurjin da zai warke cikin mako ki cire, tsagen gado da tamojin tsufa da ramukan gashi ki bar su. Fuskar da aka goge ta yi sumul kamar roba ita ce alamar farko ta sabon hannu.

Bayan wannan sai gyaran wuri-wuri da buroshi, wanda shi ne abin da Adams yake yi da tafin hannunsa. Ki ƙara wa inda kike so ido ya sauka kashi ɗaya cikin uku na mataki, ki rage wa gefuna da duk wani fari mai jan hankali kamar haka, ki sa bakin buroshin ya yi laushi sosai. In wani ya kalla ya gane inda kika shafa, ya yi yawa. Lokacin hunturu hannu zai riƙa kai ki ga ma'aunin kawar da hazo. Kada ki wuce ashirin, domin yana ɓata sama ya fito da dusa, kuma hazon nan shi ne haske mafi taushi da za ki samu a shekara, wanda masu situdiyo ke sayen manyan lema don su kwaikwaya. Kaifi shi ne na ƙarshe: a Lightroom arba'in ɗin da yake zuwa da shi ya isa, ki ɗaga maskin, ma'aunin da ke zaɓen inda kaifin zai sauka, zuwa sittin ko tamanin don ya kama gefuna kawai ya bar fata. Farin zare da za ki gani ya zagaye kan mutum ko bakin gini, shaidar an wuce gona da iri ce. In kuɗin Lightroom ya yi nauyi, Darktable da RawTherapee da GIMP kyauta ne a kwamfuta, Snapseed a waya, kuma yawancin abin da muka faɗa suna yi. Kin gama, ki rufe, ki sake buɗewa da safe. Yawanci za ki rage kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kika yi, saboda ido yana sabawa da launi cikin mintuna kaɗan ya riƙa neman ƙari.

Maganar laik gajeruwa ce. Instagram hoto mai faɗin fiksel 1,080 yake nunawa, a fuskar da ba ta wuce tafin hannu ba, ga mai kallo da yatsansa ke gudu. Abin da ke tsira a nan shi ne launi mai ƙarfi da fuska babba. Hoton dattijo da allura, wanda daɗinsa ke cikin ƙananan ramukan da ya huda a hular, ba shi da inda zai numfasa a wannan fili. Ki buga shi. Takardar A4 tana son fiksel 2,480 da 3,508, wanda ko waya mai megafiksel 12 tana bayarwa in ba ki datse da yawa ba. Ki fitar da shi a tsarin launi na sRGB, in ba haka ba launin zai koɗe a wayoyin mutane da injin masu bugawa da yawa. Ki rage hasken fuskar kwamfutarki zuwa ƙasa da rabi kafin ki yi gyaran bugawa, domin fuska mai haske tana ruɗar ido, sai takarda ta fito da duhu. Ki fara da ƙaramin kati na gwaji kafin ki biya kuɗin babba, kuma ki kai fayil ɗin a filasha ko ki tura shi a matsayin dokumen, tunda WhatsApp yana matse hoton da aka tura kai tsaye.

Mutanen farko da za ki kai wa bugaggen hoton su ne waɗanda ke cikinsa. Haƙƙinsu ne, kuma su ne alƙalan da ba za ki samu a intanet ba. Marini zai kalla sau ɗaya ya ce miki wannan ba launin babansu ba ne, ko ya ce kin ɗauka a tsomi na biyu alhali sai na shida yadi ke nuna. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Bayan su ki zaɓi mutum uku ko huɗu da ba sa jin kunyar gaya miki gaskiya, malamin nan naki yana cikinsu. Shafinki na Instagram ki ci gaba da shi don kasuwa, ba aibu ba ne ɗalibi ya nemi na abinci da hoton biki, sai dai kada ki bar shi ya zaɓa miki aikin da za ki kai gaban malamai.

Saura tambayarki ta ƙarshe, ina ake samo abin da yake na mutum. An yi wannan muhawarar a Zariya tun 1958, lokacin da ɗalibai irinki, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. Ba su ƙi koyon dabarar Turawa ba, sun koya sarai, sai kowannensu ya waiwaya gida. Okeke ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango. A hoto ma haka. Seydou Keïta ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, a tsakar gida, da hasken rana da yadi mai zane a bayan mutum.  J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968, baƙi da fari, bango wayam, sau da yawa ta ƙeya, ya tara kusan dubu, aka nuna su a baje kolin birnin Banis na Italiya a 2013. Kitso kowa yana ganinsa kullum. Shi ne ya tsaya a kansa shekara da shekaru har ya san ta wane ɓangare kowane salo yake so a kalle shi.

Ke ma kina da abin tsayawa, kin ma faɗe shi a wasiƙarki. Ki zaɓi ɗaya, marina ko masu hula, kada ki haɗa. Mako takwas, sau biyu a mako, gilashin kyamara ɗaya, kuma ki rufe Pinterest har ki gama, domin abin da yake nuna miki shi ne abin da ya riga ya yi yawa. Zuwa biyu na farko ki bar kyamara a jaka, ki gaisa, ki nemi izini wurin babbansu, ki zauna ki tambayi sunan kowane abu da kowane mataki na aikin. Makonni biyun da suka biyo baya za ki ɗauki hoton da kowane baƙo ke ɗauka, rijiyoyi a jere da yadi a sama. Ki ɗauka ki huta da shi. Wajen mako na huɗu sun daina gyara zama in sun gan ki, ke kuma kin fara ganin abin da sai mai dawowa ke gani, wanda ya zo da asuba, wanda ke koya wa jikansa, inda rana ke faɗowa ƙarfe tara. In kina son kwaikwayon wani gwani don koyo, ki yi da gangan, hoto ɗaya, ki rubuta a bayansa cewa atisaye ne a kan aikin wane; masu zane sun daɗe suna koyo ta haka.

A ƙarshen mako na takwas ki fitar da goma sha biyu, ki gyara na farko da hannu kamar yadda muka bayyana, ki ajiye saitin da sunanki, ki ɗora wa sauran, sannan ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki daidaita fari da haske, domin ba wanda zai zauna daidai da ɗan'uwansa. Ki buga su a A4, ki shimfiɗa a tabarma ki jera su yadda ɗaya zai kai ga na gaba. Ranar da za ki koma wurin malaminki ki tafi da su, da littafin jimlolinki, da asalin hotuna uku da ba a taɓa ba don ya ga daga inda kika taso, ki roƙe shi ya cire miki huɗu daga cikin sha biyun ya kuma gaya miki dalilin kowanne.